Garin da ba a yarda yaro ya zauna ba: hira kan garuruwan 'yan ritaya a Amurka

Maman Sultan (Orlando):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da ake maganar kula da iyaye wani ya rubuta wai Turawa da iyayensu sun tsufa sai su kwashe su su kai gidan gajiyayyu shikenan an rabu. Akwai masu yin hakan ban musa ba, amma akwai wani abu daban da mutanenmu suke haɗawa da wancan alhali ba ɗaya ba ne. Ni nas ce mai bin marasa lafiya gida gida a nan Florida, kuma da yawan waɗanda nake dubawa a garuruwan 'yan ritaya suke zaune. Ba wanda ya kai su fa, su da kansu suke sayar da gidansu na New York ko Ohio ko Michigan inda sanyi da ƙanƙara suka ishe su, su taho nan su sayi gida da kuɗinsu. Mafi girma shi ne The Villages, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu daga Orlando, ya ci cikin ƙananan hukumomi uku, Sumter da Lake da Marion. A ƙidayar 2020 tsakiyar garin kaɗai mutum 79,000 da ɗoriya ne, kuma tsakanin 2010 da 2020 babu yankin birni a duk Amurka da ya kai shi saurin ƙaruwa, kashi 39 cikin 100. Toh sharaɗin shi ne, garin na 'yan shekara 55 zuwa sama ne, kuma yaron da bai kai 19 ba ba zai zauna ba ko da jikanka ne na cikinka, sai dai ya zo ziyara, ita ma kwana 30 a shekara. Ina son jin ra'ayinku musamman iyayenmu da ke cikin zauren nan.

Abu Hanif:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gari guda babu kukan jariri babu yara na wasa a layi? Wlh wannan ba ci gaba ba ne, rushewar zumunci ce aka yi wa fenti. Allah Ya ce a Suratul Isra'i idan ɗayansu ko dukansu suka tsufa a wurinka kada ka ce musu ko tir, ka sassauta musu fikafikan rahama. Ta yaya za ka yi wannan kana Chicago uwarka tana Florida

Ummi Zariya:
Ni dai tambayata anti, to me suke yi daga safe zuwa dare?? mutum ba aiki ba jikoki ba suna ba biki

Maman Sultan (Orlando):
Ummi wlh wasu sun fi ki rashin lokaci. Sau da yawa in zan je duba mutum sai mun yi ta neman ranar da yake gida. Akwai ƙungiyoyi fiye da 2,000, na masu ɗinki, na masu sassaƙa, na tsofaffin sojoji, na masu rawa, na mutanen da suka fito daga jiha ɗaya, na matan da mazansu suka rasu, kai har na masu koyon yare. Ga filayen golf birjik, ga wuraren ninƙaya kusan kowace unguwa, ga wani wasa mai kama da tanis da suke bugawa tun da sassafe kafin rana ta yi zafi. Sannan akwai dandali uku da aka fi sani, Spanish Springs da Lake Sumter Landing da Brownwood, kullum da yamma ana kiɗa kyauta daga wajen ƙarfe 5 zuwa 9, za ki ga tsohuwa 'yar 80 ta sa takalmi tana taka rawa. Abin hawansu kuma 'yar ƙaramar motar golf ce, girmanta kamar Keke Napep, an yi mata hanyoyinta daban da gadoji da ramuka ta ƙarƙashin manyan tituna fiye da mil 100, da ita ake zuwa kasuwa da asibiti da coci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho a ƙasar nan, don a Amurka ranar da ka daina iya tuƙa mota ranar ka zama ɗan zaman ɗaki, ba achaba ba yaron da za ka aika.

Baba Malam Habu:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni tsohon malamin makaranta ne, na ajiye aiki tun lokacin da doka ta ce shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, kafin a ƙara wa malamai. Zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa Abu Hanif daɗi ba. Ɗana ka yi magana mai kyau, amma kai ba ka tsufa ba tukuna. Ina zaune da iyalina, ga 'ya'ya ga jikoki cike da gida, Alhamdulillah ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, amma ina iya wuni ban yi hira ta minti goma da kowa ba. Su zo su durƙusa su gaishe ni, Baba ina kwana, Baba an tashi lafiya, kowa ya koma kan wayarsa. Abokaina da muke zama majalisa bayan la'asar, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu 'ya'yansu sun ɗauke su zuwa Abuja da Kaduna sun ajiye su a gidan da ke da katanga da maigadi, in na kira su a waya sai su ce Malam Habu nan fa ko maƙwabci ban sani ba. Tsoho yana buƙatar sa'ansa, wanda in ka ce masa lokacin Sardauna ko lokacin da aka canza fam zuwa naira a 1973 ba sai ka yi masa bayani ba. Saboda haka ban ga laifin mutanen nan ba da suka nemi sa'o'insu. Dokar hana yara ce kawai ta tsaya mini a rai.

Abu Hanif:
Allah Ya ƙara girma Baba, na ji kuma na karɓa. Amma ai maganin wannan a gyara tarbiyyar yara ne su riƙa zama da kakanninsu, ba a raba su gari guda ba

Injiniya Sadik (Phoenix):
Bari in sa baki tunda a nan Arizona abin ya samo asali. Kusa da ni akwai Sun City, wani ɗan kwangilar gine-gine Del Webb ne ya buɗe shi ranar 1 ga Janairun 1960 a kan tsohuwar gonar auduga, gidajen gwaji biyar da filin golf da kantuna, kuma a kwana ukun farko mutum wajen 100,000 suka zo kallo. Wato tun wancan lokacin akwai ƙishirwar abin. Yanzu mutanensa sun kusa 40,000, su nasu jikan yana iya yin kwana 90 a shekara. Maganar doka kuma, a Amurka tun 1988 haramun ne mai gida ya ƙi sayar wa mutum ko ba shi haya don yana da yara, amma aka cire gidajen tsofaffi daga wannan hanin, sannan a 1995 aka yi wata dokar da ta fayyace cewa in dai kashi 80 cikin 100 na gidajen akwai aƙalla mutum ɗaya ɗan 55 zuwa sama, toh unguwar tana da ikon hana yara. Ba son ran wani kamfani ba ne kawai, majalisar ƙasa ce ta amince.

Amma abin da ni ya fi damuna ba a cika faɗa ba. A nan makarantun gwamnati da harajin gidaje ake gina su, kuma sai an kaɗa ƙuri'a kafin a ciyo bashin gina sabbin azuzuwa. Mutanen Sun City suka yi ta kayar da wannan ƙuri'ar sau da sau, suna cewa mu mun riga mun biya wa namu 'ya'yan a jihohin da muka fito, har yaran yankin Peoria, garin da ke maƙwabtaka da su, suka rasa isassun azuzuwa, daga ƙarshe a shekarun 1970 aka cire Sun City daga gundumar makarantun gaba ɗaya don a samu a yi gini. Ka ga yaran nan kuwa 'ya'yan masu yanke musu ciyawa ne da masu dafa musu abinci da nas nas irin Maman Sultan. In ka daina ganin yaro da idonka kullum, a hankali sai ka daina jin cewa yana da haƙƙi a kanka, wannan shi ne ciwon a wurina.

Ɗan Sakkwato:
Wanga zance na Injiniya shi ne magana. To su ma'aikatan da ka yi musu hidima ina suka kwana da ɗiyansu?

Maman Sultan (Orlando):
A wajen gari, Leesburg, Wildwood, Ocala da sauransu, da safe su shigo da yamma su fita. The Villages dai sun gina makaranta ta 'ya'yan ma'aikatansu kuma ana yabonta, amma gurbin yaro yana rataye da aikin uban ko uwar, kin bar aiki a can yaronki ya rasa kujera.

Hajiya Yaya:
Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina jinjina kai, maza ne ke ta maganar zumunci amma ku gaya mini tsakani da Allah in tsohuwa ta kwanta a gidajenmu wa ke juya ta wa ke wanke ta wa ke tashi tsakar dare? matar ɗa ce ko 'ya mace. Ni na yi jinyar uwar mijina shanyewar ɓarin jiki har Allah Ya karɓi abarsa kuma ban yi nadama ba ko kaɗan ina fatan Allah Ya sa a mizani, amma 'ya'yanta maza biyar sai dai su leƙo su ce sannu Hajiya ya jiki su ajiye kuɗin magani su tafi, wani ma sai sallah. Kuma ita kanta baiwar Allah kullum kuka take tana cewa na zame miki nauyi 'yar nan, tana jin kunyata. To idan tsohuwar Baturiya ta ce ita ba ta son zame wa kowa nauyi ta tattara ta koma inda aka tsara komai don ita ni na fahimce ta wlh. Mu daina yi kamar namu tsarin ba mai shan wahala a cikinsa

Ummi Zariya:
Hajiya kin fadi gsky wlh. Allah Ya saka miki da aljanna

Abu Hanif:
Amin. Hajiya wannan laifin mazan ne ba laifin tsarin ba, a shari'a ma hidimar uwa a kan ɗanta take ba a kan matarsa ba, abin da kika yi kyautatawa ce. Allah Ya ba mu ikon gyarawa

Maman Sultan (Orlando):
Hajiya Yaya kin taɓo inda nake son zuwa, don a nan ne mutane ke ruɗewa. Garuruwan nan fa ba na marasa lafiya ba ne, na masu ƙarfi a jika ne. Ana tallata su da hoton mata da miji 'yan 60 da wani abu suna dariya a filin golf. Shekara goma sha biyar ɗin farko daɗi ne zalla in akwai lafiya da kuɗi. Ni kuma aikina yana farawa ne daga inda tallan ya ƙare. Mijin ya rasu, matar ta kai 84, ido ya yi rauni, ƙafa ba ta ɗaukarta zuwa dandali, ƙawayen da suke rawa tare su ma kowacce tana fama da kanta, don duk layin sa'o'in juna ne tare suka tsufa. A unguwa ta yau da kullum akwai matashi a gidan kusa da zai ɗaga ki in kin faɗi, a can maƙwabcinki na dama 81 na hagu 87. Ba wai ba sa taimakon juna ba, suna yi sosai, na ga layin da suka tsara wa kansu wa zai kai wance asibiti ranar Talata wa zai kawo mata abinci ranar Laraba, wasu unguwannin har na'urar farfaɗo da zuciya suka haɗa kuɗi suka saya suka koyi aiki da ita. Amma wanka da canza ƙunzugu da mantuwar tsufa maƙwabci ba zai iya ba. Daga nan sai dai a ɗauko mai kula a biya ta awa awa, ko a koma gidan jinya, kuma ɗaki na mutum ɗaya a gidan jinya ya haura dala 100,000 a shekara. Inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, da ake shiga a shekara 65, ba ta biyan irin wannan zaman na dindindin, iyakarta kwana 100 bayan an sallamo mutum daga asibiti. Sai abin hannunka ya kusa ƙarewa tukuna Medicaid ta talakawa ta karɓe ka. Shi ya sa da yawa a ƙarshe 'ya'yan suke zuwa su sayar da gidan su mayar da uwar arewa kusa da su, garin da ta baro shekara ashirin da suka wuce, inda yanzu ba ta san kowa ba.

Baba Malam Habu:
Allah sarki. To 'yata, kuɗin zama a wurin fa? Malamin makaranta irina na can zai iya?

Maman Sultan (Orlando):
Baba da yawansu ma tsofaffin malamai ne da 'yan sanda da ma'aikatan kamfani, ba attajirai ba ne can can. Abin da ke taimakonsu shi ne gidan da suka biya bashinsa shekara 30 ya yi daraja, sai su sayar su sayi na nan, ga fansho yana shigowa kan lokaci ga kuɗin tsufa na gwamnati, kuma Florida ba ta karɓar harajin kuɗin shiga na jiha. Gidaje da yawa sun haura dala 300,000, akwai kuɗin wata wata wajen dala 200 na wuraren wasa da ninƙaya, akwai kuma bashin tituna da magudanan ruwa da ake ɗora wa kowane sabon gida. Wanda ya yi rayuwarsa a gidan haya ba shi da hanyar shiga. Kuma kusan duka fararen fata ne, fiye da kashi 90 cikin 100, baƙar fata da za ka gani yawanci mu ne masu aiki.

Injiniya Sadik (Phoenix):
Akan maganar jika akwai abin da ya faru a nan da ya shiga jaridu. Youngtown, wani garin 'yan ritaya wanda ya riga Sun City ma don tun 1954 aka kafa shi, a shekarun 1990 wasu tsofaffi suka ɗauko jikansu ɗan shekara 16 saboda matsalar da yake ciki a gidansu, hukumar garin ta ce sai ya fita har da tara. Magana ta kai ofishin babban lauyan jiha, aka bincika aka ga dokar shekarun tasu ma ba ta tsaya daidai ba, a 1998 garin ya rasa matsayinsa, yanzu iyalai da yara ne cike da shi.

Maman Sultan (Orlando):
Irin wannan na gani da idona a wata unguwar daban ba The Villages ba. Wata mata da nake duba mijinta, 'yarsu ta rasu ta bar yarinya 'yar shekara 7 ba uba a kusa. Suka ɗauko ta mana, wa zai bar jikarsa. Kwanakin ziyara suka ƙare, takarda ta fara zuwa daga kwamitin unguwa, kuma maƙwabta ne suka kai ƙara, mutanen da suke cin abinci tare. An ɗan ƙara musu lokaci amma dole suka sa gidan a kasuwa ga miji a kan keken marasa lafiya. Matar tana gaya mini wai ita ma da can tana cikin masu cewa doka doka ce. Ranar a mota na yi kuka sosai don tunowa na yi ni kaina a ɗakin kakata na girma a Gusau.

Hajiya Yaya:
Subhanallah. A'a wannan kam ban goyi baya ba, marainiya fa. Duk abin da na faɗa ɗazu ina nan a kansa amma gidan da ba zan iya rungumar jikata marainiya a ciki ba ko kyauta aka ba ni ba na so

Ɗan Sakkwato:
Mu nan jika shi ne abokin wasan kaka, tsohuwa ta ce ma jikanta namiji maigidana ta ce ma macen kishiyata, da haka yaro ka koyon magana da tarihin gidansu. In an ɗebe wanga mi ar rage ma tsufa

Baba Malam Habu:
Ɗan Sakkwato gaskiya ne, amma kada mu yi saurin yanke musu hukunci. Jikokin nasu ai ko ba su ƙaura ba ba tare suke ba, ɗa yana wannan jiha 'ya tana waccan, tsohon yana zaune shi kaɗai a gidan da ya tara iyali. Maman Sultan ko ba haka ba?

Maman Sultan (Orlando):
Haka ne Baba. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 27 cikin 100 na 'yan shekara 60 zuwa sama a Amurka su kaɗai suke zaune, har a 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar na lokacin Vivek Murthy ya fitar da gargaɗi a kan kaɗaici yana cewa illarsa ga rai ta kai ta shan taba kara 15 a rana. Yawancinsu ba tsakanin jikoki da golf suka zaɓa ba, tsakanin zama su kaɗai a cikin ƙanƙara ne da zama cikin sa'o'insu a rana. Kuma lokacin hutun makaranta garin cika yake da jikoki har shirye shirye ake yi musu na musamman.

Baba Malam Habu:
To ni abin da zan so a garuruwanmu ba a ware mu ba ne. A bar mu cikin iyalanmu, amma kowace unguwa a samu wuri mai inuwa da kujeru da banɗaki mai tsafta kusa da masallaci, inda dattawa maza da mata kowa da ɓangarensa za su haɗu, ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa sati sati yana auna hawan jini da suga. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, doka ce aka sa wa hannu a 2018, irin wannan ai aikinta ne tare da ƙananan hukumomi. Kuma 'ya'yan da ke ɗauke iyayensu zuwa Abuja don kyautatawa su riƙa tambayar tsohon tukuna ko yana son barin majalisarsa.

Abu Hanif:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari Baba, zan kai maganar kwamitin masallacinmu in sha Allah, muna da fili a gefe da ba a komai da shi

Ummi Zariya:
Anti tambaya ta karshe, in mai gidan ya rasu yaransa za su iya gadon gidan su shiga?

Maman Sultan (Orlando):
Gado dai suna ci, gidan ya zama nasu a takarda ba mai hana su. Shiga ce matsalar. In magajin bai kai 55 ba ya danganta da dokar unguwar da kuma ko akwai sauran gurbi a cikin kashi 20 ɗin nan da doka ta bari, wasu wuraren suna yarda wasu ba sa yarda sam. In kuma yana da yara 'yan ƙasa da 19 toh da wuya a samu hanya. Kuma kuɗin wata wata da haraji ba sa tsayawa don mai gida ya mutu, magada ne za su ci gaba da biya, shi ya sa yawanci ba a wata uku sai ki ga an kira masu gwanjon kayan gida sun kwashe komai, an kafa allon sayarwa a ƙofa, wasu 'yan 60 daga Ohio sun zo dubawa.